Yadda za ku tattara tarihin kakarku tun masu ba da shi suna da rai

Ranar kwana uku da rasuwar kakata Iya, wata mata ta yi sallama gidanmu na unguwar Birni, a nan Damagaram, da ɗan buhu a ka. Ba wanda ya san ta. Ta sauke, ta durƙusa, ta yi mana ya haƙuri, ta ce daga wajen Miriya ta taso tun asuba. Goggo ta tambaye ta ta wane ɓangare take a dangi. Ta ce ita ba dangi ba ce.

"Shekarar yunwar El-Buhari muka shigo garin nan, ni da uwata da ƙannena biyu, ba mu san kowa ba. A zauren gidan nan muka yi wata huɗu. Da safe koko, da dare abin da ya samu. Geron nan tiya biyu ne, na daɗe ina so in kawo mata da hannuna, Allah bai nufa ba."

Ni Iya ta riƙe tun da aka yaye ni. Ɗaki ɗaya muka kwana har ranar da aka kai ni ɗakin miji. Kishiya take ce mini, ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Amma ko da wasa ba ta taɓa ba ni wannan labari ba. A daren nan na gane cewa rayuwar mace irin Iya ba a cikin gidanta take ajiye ba. Tana warwatse a bakin mutanen da ta yi wa hidima, yawancinsu kuma tsofaffi ne, yau da gobe ana ɗauke su ɗaya ɗaya. Na yi wata tara ina bin su gida gida. Abin da na koya a wannan yawo shi zan faɗa muku, don wanda ke da irin wannan kaka, ko tana raye ko ta riga mu gidan gaskiya.

Kafin komai, ku nemi izinin manyan gida. Kada ku raina wannan. Ni Baba Babba na samu, yayan mahaifina, bayan sallar isha'i. Da farko bai so ba. Ya ce, "Mamaci addu'a yake bukata, ba rubutu ba." Na ce, "Baba, ku gafarce ni, addu'ar nake so ta yawaita. Jikokinmu da ba su gan ta ba, in ba su san ko wace ce ba, da wane baki za su roƙa mata?" Ya yi shiru, sannan ya kafa mini sharaɗi biyu: kada hotonta ya hau Facebook, kada kuma asirin kowa ya fita ta hannuna. Na karɓa, kuma daga baya na ga sharuɗɗan nan su suka buɗe mini ƙofofi, don duk gidan da na shiga nakan fara da cewa da sanin Baba Babba na zo.

Zaman makoki shi ne lokaci ɗaya tak da duk waɗannan mutane za su kawo kansu har gida. To amma ba lokacin tambaya ba ne. Kada ku fito da salula kuna ɗaukar muryar mai kuka, rashin ta ido ne, kuma za a daɗe ana faɗa. Ku sayi kaye ƙarami da bik, ku ajiye a ɗaki. Duk baƙon fuska da ya faɗi wata magana a kanta, in ya tashi tafiya ku raka shi zaure, ku tambayi sunansa da unguwarsa, ku dawo ku rubuta da layi ɗaya na abin da ya ce. Tsofaffi da yawa ba su da waya, sai ku karɓi lambar jika, ko kwatance irin namu: bayan masallacin kaza, gidan mai ƙuli-ƙuli. Aikin kuma na mutum biyu ne. Ni ina cikin gida wajen mata, ƙanena yana ƙofar gida wajen maza da nasa kaye. Kafin addu'ar bakwai mun haɗa sunaye sun fi sittin, daga Zango, Garin Malam, Sabon Gari, Kara-Kara, har Matamai da Magarya.

In kun zauna tsara wanda za ku fara gani, ku fara da wanda ya fi tsufa da wanda ya fi rashin lafiya, ko da gidansa ya fi nisa. A nan na yi asarar da har yau take ci mini rai. Iya tana da ƙawa a Zango, tare suka yi tallan fura suna 'yan mata, ita kaɗai ta rage da ta san Iya kafin aure. Na ce bari in gama gyaran takardun jarrabawar yaran lakwal ɗinmu tukuna. Kwana goma sha biyu tsakani aka aiko ta cika. Duk yarintar Iya ta tafi da ita, sai ɗan abin da Goggo ta tsinta a bakin uwarta.

Kada ku je hannu rabbana. Goro, sukari, sabulu, ko 'yan dala na cefane, gwargwadon hali. Lokacin da ya fi shi ne hantsi bayan an gama aikin safe, ko bayan la'asar. Ku kauce wa ranar Alhamis in mai ba ku labarin 'yar kasuwa ce, don ranar babbar kasuwar garin nan ce, hankalinta ba zai kasance wurinku ba. Mutanen ƙauye kuma kada ku je musu da damina, ku bari sai an yi girbi.

Yanzu ga inda aikin yake, wato yadda ake tambaya. In kuka ce wa tsohuwa, "Inna, wace irin mace ce marigayiya?" amsa ɗaya za ku samu ko gida ɗari kuka shiga: mai haƙuri ce, mai zumunci ce, ba ta da abokin faɗa, Allah ya jiƙanta. Gaskiya ne, amma wannan yabon kowane mamaci ne, ba zai nuna wa jikanku fuskarta ba. Sati biyu na yi ina tara irin wannan kafin in canza salo. Sai na koma tambayar abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa. "Inna, ranar da kuka fara ganinta, me take yi?" "Da ta shigo, me ke hannunta?" "Wa ya je kiranta, da ƙafa ko da keke?" "Me ta ce muku, da bakinta?" "Me kuka ci a ranar?" Tambayar abinci ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tsohuwar da ta manta shekara ba ta manta miyar da aka yi ba, kuma daga miyar sauran labarin ke biyowa kamar an ja zare.

Ta haka na san Iya ungozoma ce ta gaske, ba mai yanke cibi kawai ba. Wata dattijuwa a Garin Malam ta ce naƙuda ta kwana biyu tana yi, mijinta ya ce a ƙara rubutu a sha. Iya ta duba ta, ta fita, ta tsaya ƙofar shagon mutumin a gaban abokansa, ta ce ba za ta gusa ba sai ya nemo mota an kai matarsa asibitin haihuwa. Ya ce ba shi da kuɗi. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirga masa. Dattijuwar ta nuna mini wani magidanci da ke gyaran babur a waje, ta ce, "Ga shi can, shi ne." Duk wanda ya san abin da doguwar naƙuda ke jawo wa mata a karkararmu, daga yoyon fitsari har rasa rai, ya san nauyin tsayuwar nan. Haka kuma na ji yadda take shiga gaban masu ɗigon shan-inna lokacin da jita-jita ta yi yawa ana rufe musu ƙofa. Takan ɗauko jikanta na goye, a ɗiga masa a tsakar gidan mutane suna kallo, sannan ta ce a fito da sauran.

In kun yi tambaya, ku yi shiru. Tsoho yakan tsaya, ya kalli ƙasa, ya gyara goro a baki. Kada ku cike masa wannan shirun, abin da ke zuwa bayansa shi ne mai tsada. In ya saki hanya ya shiga labarin tsadar gero ko ciwon gwiwa, ku bi shi, zai dawo. In ya yi kuka ku kashe waya, ku yi addu'a tare.

Maganar ɗaukar murya gajeriya ce. Ku nemi izini kowane lokaci. Ku cika batir tun dare, don kun san halin wuta a garin nan, balle da bazara. Ku ɗora salula kan matashi kusa da mai magana, nesa da turmi, rediyo da fanka. Ku fara da faɗin ranar, wurin, da sunan wanda kuke tare da shi, in ba haka ba bayan wata uku ba za ku bambance muryoyin ba. Da kun dawo gida ku kwafe a wuri biyu, katin waya daban da kwamfuta ko wayar wani ɗan'uwa. Ni nakan tura wa 'yar'uwata a Yamai ta WhatsApp a daren. Waya takan faɗa ruwa, akan kuma sace ta a kasuwa.

Sai shekaru. Nan ne mutane ke yin kuskure da zuciya ɗaya. A wajen makoki kowa cewa yake Iya ta haura ɗari. A katinta na ɗan ƙasa kuma an rubuta da Faransanci cewa an haife ta wajajen 1935, kamar yadda aka yi wa yawancin tsararta, ma'aikaci ya dubi fuska ya ƙiyasta. Wasu ma za ku ga an sa musu 1 ga Janairu, ba don ranar aka haife su ba. Kada ku yarda da baki kaɗai, kada ku yarda da takarda kaɗai. Tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Aikinku shi ne ku rubuta waɗannan alamomi a bangon kayenku da shekarunsu, duk labarin da aka ba ku ku rataye shi a jikin ɗaya.

Ga waɗanda suka yi mini aiki a Damagaram. Goggo ta ce Iya takan ce an ɗaura mata aure shekarar da aka yi sabon sarki, bayan Barma Mustafa. Wannan hawan Sarki Umaru Sanda ke nan, 1950. Ta kuma ce azumi biyu kawai ta yi a gidansu kafin a kai ta. In kun haɗa, yarinya ce 'yar sha huɗu ko sha biyar, ƙiyasin katin bai yi nisa da gaskiya ba. "Zamanin Jori" daga samun 'yancin kai ne, 3 ga Agusta 1960, zuwa juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. "Zamanin Kunce" daga nan zuwa rasuwarsa a Nuwamba 1987. Sarki Abubakar ya hau a 1978. Taron ƙasa 1991, zaɓen Mahaman Usman ɗan garin nan a matsayin shugaban ƙasa 1993, karyewar darajar sefa Janairu 1994, babbar annobar sanƙarau 1995. Yunwar da aka koma cin anza, ana jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, 2005. Husufin ranar da ya tsorata mutane da hantsi, 29 ga Maris 2006. Buɗe matatar mai 2011, bikin Zinder Sabuwa, wato na ranar Jamhuriya da aka yi a garin nan, 2018.

Ku yi hattara da yunwa biyu, don tsofaffi sukan cakuɗa su: farin 1973 zuwa 1974, da na 1984. Tambaya ɗaya ke raba su: "Iyakar Najeriya a buɗe take ko a rufe?" A 1984 Janar Buhari ya rufe iyaka, hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu ya yanke a daidai lokacin da damina ta ƙi, shi ya sa mutane suka laƙaba wa shekarar sunansa. In an ce muku ana cikin yunwar sojoji suka karɓi mulki, to ta farkon ce.

Akwai wata dabara da malamin makarantar allonmu ya koya mini. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kamar kwana 11, don haka azumi yana zagaye damina, kaka, hunturu da bazara, ya dawo inda ya taso a cikin shekara 33. In tsohuwa ta ce, "Na haife shi cikin azumi, ana tsananin sanyi," to azumi ya faɗo a Disamba da Janairu wajajen 1965 zuwa 1968, sannan kuma 1998 zuwa 2000. Ku dubi ɗan, za ku san wanne ne. Wannan bambancin ne kuma ya sa wadda ta kusa casa'in a lissafin boko ta riga ta haura casa'in a lissafin Musulunci. Haka na rubuta wa Iya, duka biyun, ban kai ta ɗari ba. Abin da ta yi bai bukatar a ƙara mata shekara ko ɗaya.

Kuɗi ma ku rubuta yadda aka faɗa, sannan ku fassara. In an ce sadakinta dala ɗari, tamma 500 ke nan, tunda dala tamma biyar ce, jika kuma dubu. 'Yan'uwanmu da suka tashi Kano in suka ga "dala" sai su ɗauka ta Amurka ce.

Akwatinta kuma, kada ku taɓa shi ku kaɗai. Kayan mamaci na magada ne, kuma kafin rabo sai an biya bashi an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Ni jika ce, mahaifina yana raye, ba ni da gado a ciki. Don haka ranar da aka buɗe akwatin ƙarfen nan gaban Baba Babba da Goggo, roƙo na yi a bar ni in ɗauki hoton komai kafin a raba. Ƙamshin turaren wuta da kanumfari ya fara fitowa. Akwai zanen ƙungiyar matan Nijar, wadda aka kafa a 1975, ya koɗe har ya yi laushi kamar auduga. Akwai zannuwan 13 ga Mayu kala-kala, ranar matan Nijar, wadda ake yi don tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ƙara musu kujeru a shirin taron ƙasa. Akwai ɗan gwangwanin aikinta: almakashi, zare, reza sabuwa cikin takardarta, guntun sabulu. Akwai hoto ɗaya baƙi da fari, tana tsaye da guga kusa da wani ɗan dashe. Baba Babba ya ce aikin gayyar samariya ne na ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, kuma dogon yaron nan da muke zama ƙarƙashinsa a bakin layi shi ne. In kun samu irin wannan hoto, ku rubuta bayaninsa a baya da fensir nan take, bik yakan huda takarda ya ɓata fuska.

Abin da ya fi taɓa ni a akwatin kayen adashi ne, guda bakwai, ɗaure da tsumma. Iya ba ta yi boko ba, yaran unguwa take sa wa su rubuta mata. Tun kafin tsarin Mata Masu Dubara ya fara a yankin Maraɗi a 1991 ya bazu har ya iso mu, ita ce uwar adashin layinmu. Ina buɗawa ina ganin hannu yana canzawa daga shafi zuwa shafi, na wannan yaro, na waccan yarinya, har na iso wani rubutu karkatacce mai manyan baƙaƙe. Nawa ne, ina aji uku. A gefen wasu sunaye kuwa an zagaye da ɗan da'ira, wannan da hannunta ta yi, don bik ɗin ya nutse cikin takarda. Ba wanda ya san ma'anarsa a gidan. Sai da na kai kayen wurin wata tsohuwar 'yar adashin, ta dube shi, ta sa bakin mayafi ta share ido. Ta ce duk satin da mace ta kasa zubi, Iya ke zuba mata daga kuɗin furarta don kada a ji a layi, da'irar kuma don ta tuna ne ita kaɗai. Wasu sun biya, wasu ba su biya ba, ba ta taɓa bi ba. Na ƙirga da'irar kaye ɗaya, na kasa ci gaba. Darasin aikin a nan shi ne: duk abin da kuka samu ba ku gane ba, ku ɗauke shi ku kai wa tsararta. Kaya a hannu ya fi tambaya goma buɗe baki.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi. Macen da ta yi ungozomanci ta kuma yi wankan gawa, cikinta rumbun asirin unguwa ne, kuma ta tafi da shi a rufe. In kuna yawo za a riƙa buɗe muku wasu ba da niyya ba. Wata baiwar Allah tana cikin yabon Iya sai ta zarce ta faɗi yadda ta rufa wa 'yarta asiri a wani hali da ba a so a ji. Da ta farga sai ta kama bakinta. Na juya mata wayar, na goge a gabanta, na ce, "Inna, ban ji ba." Haka za ku yi. Abin da marigayiya ta binne, ba ku da hurumin tone shi da sunan yabonta. Rikicin kishiyoyi, wanda ya ci bashi bai biya ba, auren da ya mutu da dalilinsa, duk ku bar su. An hana mu zagin matattu, masu rai kuma suna da 'ya'ya da za su karanta. Duk wanda za ku sa sunansa, ku koma ku karanta masa abin da kuka rubuta, in ya ce a cire a cire.

Amma wannan ba ya nufin ku wanke ta har ta daina kama da kanta. Iya mafaɗaciya ce. In ta ga an bar yaro da ƙuda a ido, uwar sai ta gwammace duka da abin da za ta ji. Ba ta iya karɓar kyauta ba, in ka kawo mata zane gobe ka gan shi jikin wata. Tana cin goro har likita ya gaji da hana ta. Na rubuta duk wannan, kuma ranar da aka karanta, a nan ne 'ya'yanta suka yi murmushi da hawaye tare, suka ce wallahi ita ce. In mutum biyu suka ba ku labari ɗaya ya saɓa, kada ku zaɓi wanda ya fi daɗi. Ku rubuta: Goggo ta ce kaza, maƙwabciya ta ce kaza.

Wajen rubutawa, shekaru su zama ƙashi, muryoyin mutane su zama tsoka. Ku bar wa kowa Hausarsa ta Damagaram yadda ya furta, kada ku gyara ta ta koma ta rediyo. Ku sa allon rubutu mai ƙ, ɗ da ɓ a wayarku. Nawa shafi ashirin da biyu ya zama. Na buga, na yi kwafi ga kowane ɗaki na zuriyarta, na yi taƙaitawa da Faransanci don yaran da suka tashi Yamai. Tunda yawancin matan da suka ba ni labarin ba sa karatun boko, na zauna na karanta shi duka da murya na tura musu, waɗanda ba su da waya kuma na je na kunna musu. Game da ranar karantawa, gidaje sun bambanta: wasu suna taron arba'in, wasu malamansu sun hana. Kada tarihin ya zama sanadin gardama. Mu washegarin babbar Salla muka zaɓa, da ma kowa yana gida, aka karanta bayan la'asar aka shafa fatiha.

Wanda kakarsa ke raye kuwa, ya fi mu sa'a nesa ba kusa ba, sai dai ya san ba za ta zauna a yi mata tambayoyi kamar a gidan rediyo ba. Za ta ce, "Me na yi da za a rubuta?" Ku same ta tana aiki, tana tsinke zogale ko ɓarar gyaɗa, ku sa hannu ku taya ta. Ku yi amfani da wasan jika da kaka, ƙofa ce da 'ya'yanta ba su da ita. Kada ku matsa mata ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, alkunya ce, ku samo su a wani bakin. Kada kuma ku tambaye ta alherin da ta yi, ba za ta faɗa ba. Ku tambaye ta wa ya koya mata aikin, wa suka yi tare, wane gida ta fi shiga. Sunayen da za ta lissafa su ne mutanen da za ku bi.

Abu ɗaya ya fito a bakin kusan kowa da na zauna da shi, har da masu kabu-kabu da almajirai: randar ƙofar gida. Mu da ke ciki mun saba ganinta har mun daina ganinta. Kun san garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Machaya da Arunguza, kuma da bazara famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, bido ɗaya ya yi tsadar da mai iyali ke jin ta a jika. Duk da haka randar Iya ba ta taɓa kwana a bushe ba. Tana gindin bango cikin yashi mai laima, da faifai a bakinta da moɗa ɗaure da igiya. Wani ɗan garuwa da ya tsufa a layinmu ya ce mini kullum bido biyu na farko na randar ne, kafin na girki, kuma in kuɗi ya yanke takan ce a zuba na randar a bar na gidan.

Bayan an karanta tarihin, Baba Babba ya ce to, kun ji, wa zai ɗauka? Muka raba watanni goma sha biyu tsakanin ɗakuna shida, kowane ɗaki wata biyu, na nesa su aiko da kuɗi, na kusa su kula da wanki da cikawa. In za ku yi irin wannan, ku zaɓi aiki ɗaya daga cikin nata wanda za ku iya riƙewa ko a shekarar tsanani, ku rubuta sunan mai kowane wata a shafin ƙarshe na tarihin, ku kuma naɗa mutum ɗaya mai tunatarwa. Ni Afrilu da Mayu suka faɗo wa, tsakiyar zafi. Tsohuwar randar ta tsage a bara, na sayo sabuwa a kasuwar Dole, amma moɗar tata ce har yanzu, igiyar kawai muka canza.